Ranar Da Na Sa Aka Yanka Lamba Biyu

Usta Mahamat ya ɗora zarto a kan sandar, sai ya dakata, ya ɗago kai ya dube ni.

"Hajje, mai gidanki ya san da wannan?"

"Shi ya kawo maka ko ni? Yanka."

"In na yanka kalas fa, babu mayarwa."

"Da mai mayarwa nake nema da wurin tela na tafi. Yanka, Usta, rana na yi."

Ya yi bismillah ya ja zarton. Ƙarfen ya yi wani kuka siriri wanda ya shiga mini har cikin haƙora. Ban kau da kai ba. Na tsaya a ƙofar rumfarsa ta walda a unguwar Mardjandafak, ina kallo har kan sandar ya faɗi cikin ƙasa.

Wannan ita ce lamba biyu ta babanku. Ita ce wadda ke Rakiya har yau in an taru sai kin ce Inna ta lalata wa Baba sandunansa har ya sake ta. Kin faɗa wa 'ya'yanki, na ji su suna faɗa wa na Bashir. To, na sa an yanka, gaskiya ne. Ya sake ni, shi ma gaskiya ne. Amma ke a lokacin kina Abeche gidan mijinki, Bashir kuma yana Kano, babu wanda ya ga abin da na gani a tsakar gidan nan. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami da furfura a kaina, zan rubuta yadda aka yi, kowa ya karanta da idonsa.

Saboda jikoki da ba su tarar ba, bari in faɗi aikin. Babanku tun yana saurayi, da zuwansa daga Damagaram, ya faɗa filin golf da ke bayan gari, inda Nasara da manyan gwamnati ke buga wata 'yar farar ƙwallo su bi ta a ƙafa har su jefa ta rami. Da ɗaukar jaka ya fara. Da na aure shi ya riga ya zama mai koyarwa. Mutum zai zo da mota da direba, babanku ya tsaya a bayansa ya ce masa gyara ƙafa, sunkuya, kada ka ɗaga kai, shi kuma ya bi kamar ɗan makaranta. Da wannan aka ciyar da ku, da shi aka yi rufin kwanon gidanmu na unguwar Gardolé. Sandunan kuwa wani Banasare ne da ya koya wa shekara da shekaru ya bar masa su ranar da zai koma ƙasarsu. Na ƙarfe ne, kowace da lambarta a gindi, daga biyu har tara, sai wata mara lamba ta fitar da ƙwallo daga yashi. Lamba biyu ta fi duka tsayi. Daga ita kowace ta gaza wadda ke gabanta da kamar gaɓar yatsa, har a zo kan tara, gajeruwa. Doguwa ta jifa mai nisa ce, gajeruwa ta kusa da rami. Babanku yana goge su da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Ni da na haifa masa 'ya'ya ban taɓa samun rabin wannan shafar ba, kuma na sha faɗa masa.

A shekarar da aka fara maganar man fetur a kudu, baƙi suka cika gari, mota ta buge kilando, wato babur ɗin haya, da ya hau zai tafi aiki. Ya faɗi da baya a kan bakin kwalta. Ya daɗe a asibiti. Da za a sallame shi likita ya ce mana zai yi tafiya, zai yi salla a zaune, amma sunkuyawa irin ta da ta ƙare. Shugaban filin ya zo har gida ya gaishe shi, mutumin kirki, ya ce za su riƙe masa wurinsa har ruwa ya ɗauke a buɗe fili. Bayan nan kuwa dole su sa wani, don ba a koyar da bugu da baki kaɗai.

Da farko babanku ya yi ƙoƙari. Da hantsi sai ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a tsakar gida, ya ɗauko jakar, yana bugun iska. Ni ina bakin murhu ina tankaɗe, idona na kansa. Abin da na gani shi ne, in ya riƙe lamba huɗu ko biyar yana tsayawa kusan miƙe, sandar ta share tabarma fes. Da ya ɗauki bakwai sai fuskarsa ta canza. Takwas da tara kuwa, kafin kan sandar ya taɓa ƙasa sai ya sunkuya, da ya sunkuya sai bayan ya kama shi, ya saki sandar ya dafa bango, gumi na zuba. Kuma aikinsa duk a kan gajerun yake, da su ake fara koya wa sabon shiga. Rannan ya faɗi a gwiwa da lamba tara a hannu. Na taso, ya ɗaga mini hannu kada in matso. Ya rarrafa ya shiga ɗaki. Daga ranar ya rataye jakar, bai ƙara fitowa ba sai don alwala. Abinci ya koma cokali biyu. Abokansa su zo ya ce a ce yana barci. Mutumin da muryarsa ke kaiwa bakin titi ya koma kallon bango. Na taɓa ganin irin wannan zaman a wurin mahaifina bayan da ya makance, kuma na san inda yake kai mutum.

Na shiga na same shi.

"Malam, ba bayanka ne ya gaza ba, sandunan ne suka yi maka gajarta."

Bai juyo ba.

"Lokacin da bayan Iya mahaifiyata ya ƙi, kara na ɗaura wa tsintsiyarta, ta ci gaba da shararta a tsaye har ta rasu. A ƙara wa gajerun nan tsayi."

Sai ya juyo, ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

"Tsintsiya? Lami, tsintsiya kika ce? Waɗanda suka ƙera abin nan auna shi suka yi. Tsayi da nauyi da karkatar kai duk a ɗaure suke da juna. Kin taɓa ɗaya, kin ɓata sauran. Ki tsaya a kan tukunyarki."

"To su da suka auna, da bayanka na yanzu suka auna?"

"Fita ki ba ni wuri."

Na fita. Na ƙara yi masa maganar, na sa wansa, Baffanku Isa na Toukra, ya yi masa. Babanku ya ce ko bayan ransa kada wanda ya taɓa su. Ruwa kuwa yana ta ja baya, shi yana ta ramewa. Ranar da na ga ƙashin wuyansa ya fito ta wuyan riga, na ce to, ya isa. Ya sha maganinsa bayan azahar barci ya kwashe shi, na shiga na sauke jakar, na naɗe ta cikin zane kamar gawa, na tare taksi.

Usta Mahamat mai gyaran kekuna da walda ne, bai taɓa riƙe sandar golf ba, kuma bai ɓoye mini ba. Na ce masa shida, bakwai, takwas, tara da ta yashi, duk a mai da su tsayin lamba biyar, tunda da ita na ga babanku yana tsayawa daidai. Ya jujjuya su. Ya ɗauko sirinji ya ɗura fetur a ƙarƙashin robar mariƙin, ya murɗa, ta zare lafiya lau ba ta yage ba. Ashe jikin sandar bututu ne, cikinsa rami. Ya gwada ƙarfen keke, ya yi kauri. Ya gwada rodi, ya ce in ya sa wannan mai gidana zai ji kamar taɓarya ya ɗauka. Ya gwada katako, ya ce bugu uku zai karye. Ya zauna ya sha shayinsa yana kallon jakar, can ya ce:

"Hajje, babu abin da zai shiga cikin wannan bututun ya zauna sai ɗan'uwansa. Sai dai mu yanka wasu mu ciyar da wasu."

"Nawa za ka yanka?"

"Dogaye biyu."

Na san abin da lamba biyu take a wurin babanku. Da ita ya ci gasar ma'aikatan fili, aka ba shi rago, muka yi layya da shi. Yana cewa a duk garin nan mutum uku ne ke iya ɗaga ƙwallo da ita, biyun kuma sun koma Faransa. Amma na yi lissafina a tsaye a wurin. Huɗu da biyar yana aiki da su. Biyu da uku ba a koya wa kowa komai da su, na alfahari ne. Alfahari kuwa ba shi zai tashe shi daga kan gado ba. Na zaro su da hannuna na miƙa.

Sai bayan la'asar ta kashegari aka gama, don sai da gam ya bushe. Kafin nan babanku ya riga ya ga ƙusar bango babu jaka. Ya tambaye ni, na ce ta tafi gyara. Ya zauna jira. Da na kawo ta na ajiye a gabansa, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya jera a jikin bango. Ban da lamba huɗu, kansu ɗaya, kamar an daidaita su da igiya. Ya leƙa cikin jakar, ya juye ta, kawuna biyu suka faɗo, na biyu da na uku, kowanne da ɗan guntun wuya. Na sa Usta ya ba ni su, ban yarda a jefar ba. Babanku ya ɗauki kan lamba biyu a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na sa."

"Na hana ki."

"Ka hana. Na ji."

"Lami, na sake ki. Saki ɗaya."

Shekaru talatin da ɗoriya muna tare, bai taɓa furta kalmar nan ba ko a wasa.  Na ce masa:

"To. Idda a ɗakina zan yi ta, haka shari'a ta ce. Tuwo kuma yana kan wuta."

Haka muka zauna gida ɗaya. In kai abinci in ajiye, ya ci ko ya bari, babu magana. Unguwa ta ɗauka. A wurin famfo mata su yi shiru in na iso. Wata ta ce wai tsufa ne ya fara taɓa mini kai. Baffanku Isa ya zo, ya zauna a zaure ya kira ni.

"Lami, ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Ki ce sharrin shaiɗan ne."

"Yaya, ba shaiɗan ba ne, ni ce. In na ce shaiɗan ne na yi ƙarya, kuma gobe in aka mai da ni ranar zan sake."

"Auren naki fa? Wata uku ba wuya."

"Gara ya sake ni yana tafiya da ƙafarsa, da ya riƙe ni in yi masa takaba."

Ya girgiza kai ya ce tun ina amarya bakina bai da linzami. Na ce ai an gani aka ɗauka.

Sandunan suna nan jingine inda ya jera su, ko kallonsu ba ya yi. Sai na dubi sandar dogarawar da yake zuwa alwala da ita. Tsohon nan maƙwabcinmu mai ciwon gwiwa ya daɗe yana neman irinta, na ɗauka na kai masa sadaka. Da azahar babanku ya lalubi gefen gado babu sanda. Ba zai tambaye ni ba, tunda ba ya yi mini magana. Abin da ke kusa da hannunsa lamba tara ce, don ni na matsar da ita wurin. Ya dogara da ita ya fito, fuska a murtuke. Kwana da kwanaki yana yawo da ita tsakanin ɗaki da bayan gida. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙon abu ba ya mantawa. Wata rana ina cikin madafa na ji shuu, na ji shuu kuma. Ban leƙa ba. Na ci gaba da tuƙa tuwo, hawaye na zuba, na ce hayaƙi ne ko da babu wanda ya tambaye ni.

Da ya gama sai na ji yana magana da kazar da ke kiwo a tsakar gida.

"Ke, ki faɗa wa wadda ta ɓata abin nan, kan ya yi nauyi. Jikin kuma ya yi laushi, lanƙwasa yake kamar bulala."

Na amsa daga madafa:

"Ki tambaye shi, bayan ya kama shi?"

Can ya ce wa kazar:

"Bai kama ba."

A tsakar gida ba a sakin ƙwallo, sai a fasa wa mutane randa. Filin golf kuwa ba zai je a gan shi yana tangaɗi ba. Da aka yanke gero Baffanku ya ce a zo gonarsa. Muka shiga mota zuwa Toukra, shi a gaba, ni a baya rungume da jaka, matar da aka saka. Babu mai ɗaukar masa sai ni. Ya tsaya a kan kunya, ya ajiye ƙwallo, ya ɗauki lamba tara. Ya tsaya kusan miƙe. Ya buga, ƙwallo ta tashi sama, zuciyata ta tashi tare da ita, sai ta karkata hagu ta faɗa cikin gonar kuɓewar maƙwabci. Ya sake, hagu. Ya ɗauki takwas, hagu. Bakwai, hagu. Kuma ga shi tara tana wuce inda ya saba, tana neman kamo takwas, ya rasa wadda zai ɗauka don wane nisa. Baffanku na tsaye yana dariya ƙasa-ƙasa, yana cewa a bar wa mutane kuɓewarsu. Babanku ya kafa kan sandar a ƙasa, ya manta da kaza, ya juyo kaina kai tsaye.

"Zo ki ga aikinki! Dubi. Da aka ƙara tsayi, hancin kan ya ɗaga sama, dunduniyarsa ce kaɗai ke taɓa ƙasa. Dunduniya ta tono ƙasa, fuskar ta rufe, dole ta tafi hagu. Abin da na faɗa miki ke nan tun farko!"

Na duba. Gaskiyarsa ce, ana iya zura ɗan yatsa a ƙarƙashin hancin. Duk abin da ya ce zai faru ya faru, ban musa ba, kuma har yau ban musa ba.

"To na gani. Ƙwallo nawa ka buga yanzu?"

"Me ya haɗa wannan da wannan?"

"Ka kusa juye jaka, ban ga ka dafa komai ba. Ni tsayi na sani, na yi tsayi. Hanci da dunduniya aikinka ne. Rumfar tana bayan masu sayar da tabarmi, ka tambayi Usta Mahamat."

Ya ce ba inda za shi. Da safe na fito shara na ga babu shi babu jaka. Tun da aka kawo shi daga asibiti bai taka bakin titi shi kaɗai ba sai ranar. Ya fi mako yana zuwa rumfar. Usta ya ba ni labari daga baya, ya ce bai taɓa ganin mutum mai fitina irinsa ba. Su matse kan sanda a maƙata, su zura bututu a wuya su danna kaɗan, ya kafa ta a ƙasa ya duba, ya ce saura gashi ɗaya. Su goge bayan kan da dutsen washi don a rage nauyi. Ya kuma sa aka sake zare robobin aka rage wa takwas da tara da ta yashi kaɗan kaɗan, ya ce shi ba zai iya da sanduna kai ɗaya kamar haƙoran mataji ba, sai kowace ta san matsayinta. Wurin lanƙwasa wuyan lamba shida ya tsage, ta tafi ita ma. Ya dawo gida ranar ko kazar bai yi wa magana ba. Sanduna tara Banasaren ya bar masa, shida suka rage.

Kun san abin da ya biyo baya, don kun gani. Bai koma yadda yake ba. Manyan 'yan wasa sun koma hannun wani da shi ya koya masa, shi aka bar masa sababbin shiga, ma'aikatan fetur da matansu. Bai ƙara shiga gasa ba. Nisan bugunsa ya ragu, kuma duk wanda ya leƙa jakarsa sai ya yi dariya. Amma ya yi shekaru yana fita da safe yana dawowa da yunwa, yana cika mana gida da surutu, ya ga auren Bashir, ya yi wa 'ya'yanki huɗuba, Rakiya. Wannan nake so ki riƙa haɗawa da labarin in za ki ba da shi.

Ranar da aka buɗe fili iddata saura kaɗan ta cika. Baffanku ya riga ya aiko a tambaye ni inda za a kai kayana, na ce a bar su inda suke tukuna. Da sassafe babanku ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta aiki wadda ta yi masa yawa yanzu, ya rataya jaka. Ina bakin murhu ina dama koko. Ya wuce ni har ya kai ƙofar zaure, sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Lami."

"Na'am."

"Na mai da ke."

"Da ma ina na je?"

"Amma lamba biyu ban yafe ba."

"Ban roƙe ka ba. Ka sha koko kafin ka fita, kada ka faɗi a gaban Nasara."

Ya dawo ya sha a tsaye, ya ajiye kwanon, ya fita.